Yadda Ake Tsara Hayar Injina a Aikin Gyaran Harabar Gida

Duk wanda ya kammala ginin gida ya juyo kan harabarsa yakan ɗauka cewa wahala ta ƙare, abin da ya rage shi ne shimfiɗa bulo da 'yan shuke-shuke. Na daɗe ina wannan aiki a gidaje da makarantu da harabar masallatai a Kano da garuruwan da ke kewaye da ita, kuma ramin da na fi ganin kuɗin masu gida yana zurarewa a ciki shi ne injin haya da aka kawo kafin lokacinsa, ya yini a tsaye a rana ana ƙirga masa kuɗi. Mai inji ba ruwansa da ko an yi aiki ko ba a yi ba, domin lissafinsa yana farawa ne daga sa'ar da injin ya bar garejinsa. Saboda haka zan bayyana wane inji ake buƙata a kowane mataki, da abin da ya wajaba a gama kafin a kira shi, da dabarar da za a yi idan ba a same shi ba ko aljihu bai kai ba. Zan riƙa misali da fuloti mai ƙafa 50 a 100, wato kimanin murabba'in mita 460, wanda bayan an cire gini yakan bar harabar murabba'in mita 250 zuwa 300.

Kayan da za ka saya da waɗanda za ka ɗauka haya

Ƙa'idar da nake bi ita ce, duk kayan da za a riƙa amfani da shi daga farkon aiki har ƙarshensa, ko wanda gidan zai ci gaba da buƙata bayan ma'aikata sun tafi, saye ya fi haya. A cikin wannan akwai baro guda biyu, shebur, diga, manjagara, fartanya, adda, gatari, kwanon sarki, gudumar roba, tef ɗin awo mai tsawon mita 30, igiyar magina da turaku, miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 3, da siririn tiyo mai haske wanda ake hango ruwa a cikinsa, mai tsawon mita 15 zuwa 20. Wanda ya riƙe baron haya wata biyu ya biya kuɗin sabo ba tare da ya mallake shi ba. A haɗa da takalmin aiki mai tauri, safar hannu, tabarau, takunkumi da abin toshe kunne, domin ƙurar yankan bulo tana lahanta huhu, ƙarar injin daddaɓe ƙasa kuwa tana dusashe jin wanda ya yini yana tura shi.

Kayan haya iri biyu ne. Akwai manya waɗanda ke zuwa da direbansu, wato katafila, feloda mai kwasar ƙasa tana lodawa a mota, injin haƙa, rola, tifa da tankar ruwa. Akwai kuma ƙanana da ake ba ka ka tafi da su, wani lokaci tare da yaron da zai kula da su: injin sare itace, injin fasa kankare, injin daddaɓe ƙasa da masu sana'a ke kira kwamfakta, injin kwaɓa siminti, injin yankan bulo da ake kira giranda, janareta, injin ban ruwa da injin yankan ciyawa. A fuloti ɗaya da wuya a buƙaci katafila ko rola. Huɗun da kusan kowane aiki ke nema su ne tifa, kwamfakta, giranda da janareta, kuma a cikinsu kwamfakta ne ba na yarda a tsallake a inda mota za ta bi.

Kayan da za a zuba kuwa su ne jar ƙasa domin cikawa, yashi mai kaushi, rairayi mai laushi, tsakuwa, siminti, bulon intalok da bulon gefe da ake kira kab, bututun roba, baƙar ƙasar noma, da takin gargajiya wanda ya riga ya ruɓe.

Mataki na 1: Awo, tun kafin a buga wa mai inji waya

Abu na farko da za ka auna shi ne faɗin ƙofar gida da tsayinta, sannan faɗin layin da za a biyo, da kwanar da mota za ta karya, da wayoyin wuta da ke rataye a sama. Babban inji yakan zo ne a bayan doguwar motar ɗaukar kaya, kuma idan ta iso ta tarar ba ta da wurin juyawa ko ƙofar ba za ta ɗauki injin ba, kuɗin kawowa ya riga ya hau kanka. Tifa ma tana buƙatar sarari a sama lokacin da za ta ɗaga bayanta ta juye kaya, kuma haɗuwar bayan tifa da wayar wuta na iya zama sanadin rai.

Daga nan ka nemo duk abin da ke binne: sokawe, bututun ruwa, wayar da ta tafi rijiyar burtsatse ko ɗakin mai gadi. Ka tambayi maginin da ya yi gidan da mai aikin famfo, ka zana wuraren da toka ko farar ƙasa, ka kafa turaku kewaye da sokawe a ɗaura igiya. Na taɓa yin sakaci da wannan a wani gida, na bar direban tifa ya ja da baya cike da yashi ba tare da na tsaya a bayansa ba. Tayar baya ta hau murfin sokawe da ƙasa ta rufe, murfin ya burma, motar ta karkace ta jingina da katanga. Sai da aka kwashe yashin da shebur aka kira wata mota ta ja ta, aka yi asarar yini biyu, aka kuma sake zuba sabon murfi daga aljihuna.

Sai awon gangara. Ka cika tiyon nan mai haske da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska a ciki, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin bangon gida, wani ya zaga da ɗaya bakin yana yin alama a kan turaku daidai inda ruwan ya tsaya. Ruwa a bakunan biyu kullum a daidai yake, don haka alamomin duka a layi ɗaya suke, kuma daga gare su za ka auna ƙasa ka san inda ya yi tudu da inda ya yi kwari. Wannan tiyon ya wadatar a fuloti ɗaya. Sai filin ya kai girman harabar makaranta ne ya kamata a ɗauko mai awo da na'urarsa na yini guda. Harabar da aka gama ta kasance aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen cikin gida, ta kuma gangara daga jikin gini zuwa magudana da santimita 2 a kowace mita. Idan ruwanka zai fita ne ta hanyar fasa kwatar gwamnati ko taɓa gefen titi, ka fara neman izinin hukumar tsara birni, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna.

Lokaci ma yana cikin awo. Aikin ƙasa ya fi kyau daga Nuwamba zuwa Afrilu, a gama shimfiɗa kafin ruwa ya sauka, a yi dashe a farkon damina. Wanda ya kira tifa cikin Agusta ya shirya ganin ta kafe a taɓo.

Mataki na 2: Yarjejeniyar haya

Ka tambayi wurare uku aƙalla, kuma ka je garejin da ƙafarka ka ga injin yana aiki. Dillali yana da amfani wajen nemo inji cikin gaggawa, amma ka san la'adarsa tun farko, kuma kada ka ba da kafin alƙalami sai a hannun mai injin ko wakilin da ya nuna maka. Idan ƙaramin inji ne, ka sa a tayar da shi a gabanka yana sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Ka duba baƙin mai, ka duba ko yana ɗiga, ka saurari ƙararsa, ka ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare da wayarka.

Abubuwan da ake rigima a kansu daga baya sanannu ne, kuma duk ana iya kashe su a takarda ɗaya da shaidu biyu. A rubuta ko yini ake biya ko jinga, kuma idan yini ne, awa nawa ne yinin. Galibi awa 8 ake nufi, amma sai an faɗi ko agogon bango za a bi ko agogon da ke jikin injin. A rubuta wanda zai sayi mai, da wanda zai biya kuɗin kawowa da mayarwa, da wanda zai ciyar da direba da yaronsa, da wanda zai yi gadi idan injin zai kwana. A rubuta abin da zai faru idan injin ya lalace da tsakar rana ko ruwan sama ya hana aiki. A fiƙihun Malikiyya abin haya amana ne a hannun wanda ya ɗauka, ba ya biyan abin da ya lalace sai idan ya yi sakaci ko ya wuce abin da aka yi sharaɗi a kai. Amma ana gane sakaci ne idan an san sharaɗin, don haka a faɗi irin aikin da injin zai yi ƙarara.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya zama babban kaso na kowace haya, don haka kada ka kwatanta farashin wurare biyu sai ka san wanne ne ya haɗa da mai. Idan kai ne mai sayen dizal, ka saya da kanka, a zuba a gabanka, a duba tanki da safe da yamma. Shawarata ita ce a aikin da ake iya gani da ido, kamar kwashe ɓaraguzai ko tumɓuke kututture, jinga ta fi, saboda direban da ake biya da yini ba shi da dalilin sauri. A aikin da ingancinsa ke ɓuya a ƙarƙashin ƙasa, kamar daddaɓawa, biyan yini ya fi, saboda mai jinga zai yi sauri inda ake son haƙuri. Kada ka sa ranar babban inji ta faɗo Juma'a, domin rabin yini za ka samu a kuɗin cikakke, kuma cikin azumi ka shirya fara aiki da sassafe.

Mataki na 3: Share fili

A fuloti ɗaya leburori huɗu da adda, diga da baro sukan gama sharar cikin kwana biyu ko uku. Inji yana shigowa ne a wurare biyu. Idan akwai bishiyar da za a cire, a ɗauko injin sare itace tare da mai shi, kada a ba yaron da bai saba ba, kuma a bar kututturen da tsayin kamar mita ɗaya domin a samu abin ɗaura igiya a ja bayan an haƙe kewayensa an datse saiwoyi. Kututturen da aka bari a ƙasa aka rufe zai ruɓe, gara ta zauna a ciki, bayan shekara biyu wurin ya lotsa. Idan kuma akwai tsohon daɓe ko inda magina suka riƙa kwaɓa siminti ya daskare, injin fasa kankare zai yi a yini ɗaya abin da guduma za ta yi a mako. In babu shi, babbar guduma da kurfi za su yi, sai dai a ƙara haƙuri.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne kiran tifa tun ana cikin shara. A tara duk abin da za a fitar wuri ɗaya kusa da ƙofa, sannan a kira mota, masu lodi suna tsaye da shebur. A ware fasassun bulo da kankare, domin za su yi amfani a ƙasan inda mota za ta riƙa tsayawa. Baƙar ƙasar sama kuwa, in filin yana da ita, a kankare ta a tara gefe, kada a biya kuɗin zubar da abin da za a sake biyan kuɗin sayowa.

Mataki na 4: Yanke tudu da lissafin cikawa

Feloda ko injin haƙa suna biyan kuɗinsu ne idan ƙasar da za a motsa ta kai sawun tifa goma ko fiye, ko filin ya haura fuloti uku. Ƙasa da haka leburori sun fi araha, kuma ba sa fasa katanga. Idan dole sai babban inji, ka leƙa ko ana wani aiki da shi a unguwar, domin ɗauko shi na 'yan awoyi daga maƙwabta yana sauke maka kuɗin kawowa, wanda wani lokaci ya fi kuɗin aikin kansa. Ranar da zai zo, turaku su kasance a kafe da alamar inda za a yanke da inda za a cika, kai kuma kana tsaye, kuma kada ya kusanci bango ko katanga da ƙasa da mita ɗaya. Wannan gefen a gama shi da hannu.

Lissafin ƙasa ba shi da wuya. A ninka faɗin wuri da kaurin da ake so: murabba'in mita 200 da za a cika da kaurin santimita 15 yana cin mita 30 ta curi, wato tsawo sau faɗi sau zurfi. A ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, saboda ƙasa tana raguwa idan aka daddaɓa ta. Tifa kuwa kada ka tsaya ga sunan mai taya 6 ko mai taya 10. Ka auna tsawon bayanta da faɗinsa da zurfinsa da tef, ka san abin da sawu ɗaya ke ɗauka, ka sa amintaccen mutum yana ƙirga sawu yana leƙa cikar kowace mota kafin ta juye.

Mataki na 5: Abin da zai kwanta a ƙarƙashin ƙasa

Kafin a daddaɓa komai, a haƙa magudana, a shimfiɗa bututun ruwan shuka da wayar fitilun waje. Bututun ruwa ya sauka santimita 30 zuwa 45, wayar wuta kuma santimita 60 a cikin bututunta, a rufa mata yashi kafin ƙasa. Diga da shebur sun isa wannan aiki. Ramin da ya zarce mita 1.2 kuwa, musamman a ƙasa mai yashi, ba a barin mutum ya shiga sai an tokare gefensa da katako.

A duk inda hanyar mota ko ta ƙafa za ta raba fili biyu, ka binne bututun roba mai inci 4 wanda babu komai a ciki, ka toshe bakunansa, ka yi alama. Ranar da aka so ƙetarar da waya ko tiyo, ba sai an ɗaga bulo ba. Sannan a buɗe ruwa a gwada kowace mahaɗa kafin a rufe rami.

Mataki na 6: Daddaɓe ƙasa

Nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe, kuma nan ne masu gida suka fi son a rage kuɗi, saboda ba abin da ido zai gani. Iyayenmu mata da ke daɓen ɗaki da madaɓi sun san sirrin: a zuba kaɗan, a yayyafa ruwa, a buga, a sake zubawa. Kwamfakta ma haka yake so. Ƙarfin bugunsa ba ya ratsa ƙasa mai kauri, don haka a shimfiɗa jar ƙasa santimita 10 zuwa 15, a yayyafa ruwa, a bi ta sau uku ko huɗu, kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi, sannan a zuba wata. An taɓa kirana gyara a wani gida da aka juye cikawar rabin mita gaba ɗaya aka bi samanta da inji sau ɗaya. Sama ta yi tauri kamar dutse, amma da ruwan Agusta ya ratsa, sai sawun tayoyin motar mai gidan ya fito a kan intalok kamar kwari biyu, ruwa yana kwanciya a ciki. Da muka ɗaga bulon, na tura sandar ƙarfe da hannu ɗaya ta nutse har gwiwar hannuna.

Danshin ƙasa ana gwada shi da hannu. Ka damƙi ƙasar ka matse: idan ta dunƙule ba ta jiƙa maka tafi ba, kuma da ka sake ta ta faɗi ta fashe gida biyu ko uku, ta yi daidai. Idan ta watse kamar gari, ruwa ya yi kaɗan. Idan ta manne kamar taɓo, a bar ta ta sha iska. Wannan yana nufin ruwa ya kasance a wurin kafin injin ya iso, ko a tanki ko a durom-durom, haka ma ƙasar da masu baro. Da hunturu ƙasa tana bushewa da sauri, don haka a jiƙa iya abin da za a daddaɓa cikin awa ɗaya. A ba ramukan bututu kulawa ta musamman, domin su ne ke fara lotsawa, amma kada a hau kan bututu da inji sai an rufa masa ƙasa aƙalla santimita 30.

Inda mota za ta bi, daddaɓaɓɓiyar ƙasa ta kai santimita 15 zuwa 20. Hanyar ƙafa santimita 10 ta isa. Wurin da za a shuka ciyawa da furanni kuwa a kewaye shi da igiya, kada injin ya taka shi ko kaɗan. Ana gane an gama idan aka tura baro cike da ƙasa bai bar sawu ba.

Idan ba a samu kwamfakta ba, a cika babban gwangwanin fenti da kankare a kafa sanda a tsakiya, in ya bushe a riƙa bugawa da shi, amma kaurin kowace shimfiɗa kada ya wuce santimita 5 zuwa 7. Wannan ya wadatar ga hanyar ƙafa. Ga hanyar mota, gara a jira injin ko da mako guda ne.

Mataki na 7: Bulon gefe da intalok

Kafin a fara shimfiɗa, duk wata tifa da za ta shigo ta riga ta shigo, har da ta baƙar ƙasa da taki, domin daga nan babbar mota ba ta ƙara taka harabar. A fara kafa bulon gefe a kan kankare mai awon siminti 1, yashi 3, tsakuwa 6, a riƙa ba shi ruwa, a bar shi kwana bakwai in da hali kafin inji ya yi aiki kusa da shi. Injin kwaɓa siminti ba ya biyan kuɗinsa a nan sai idan za a zuba kankare mai yawa a yini ɗaya, kamar buhu 20 ko fiye. Ƙasa da haka a kwaɓa da shebur a kan farantin ƙarfe ko tsohon kwanon rufi, kada a kwaɓa a kan ƙasar da za a shuka.

A baza yashi mai kaushi da kaurin santimita 3 zuwa 4, a ja shi da miƙaƙƙen katako a kan bututu biyu, kada kowa ya taka. Bulo mai kaurin santimita 6 na hanyar ƙafa ne, mai santimita 8 na mota. Mai tsawon santimita 20 da faɗin 10 guda 50 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, a ƙara 5 cikin 100 saboda yanka da karyewa.

Dabarar rage kuɗin haya a nan ita ce a shimfiɗa duk cikakkun bulo tukuna, a bar gefe-gefen da ke buƙatar yanka, a yi musu alama, sannan a ɗauko giranda da janareta a gama yankan a yini ɗaya. Babbar giranda mai inci 9 tana jan wuta sosai lokacin tashi, don haka janareta kada ya gaza kVA 3.5, kuma kada a cire murfin kariyar faifan ko da mai yankan ya ce yana hana shi gani. Bayan haka a share busasshen rairayi cikin tsagogi, a dawo da kwamfakta a ɗaura masa shimfiɗar roba a ƙasa ya bi saman bulon sau biyu, a sake share rairayi. Tunda injin zai zo sau biyu, ka yi cinikin zuwa biyun tare tun a mataki na biyu.

Mataki na 8: Ƙasar shuka, itatuwa da ciyawa

Duk inda ƙafa da baro suka tattake a wurin shuka, a fasa shi da diga zurfin santimita 15 zuwa 20, a tsince dutse da guntun siminti. Idan wurin ya haura murabba'in mita 200, ƙaramin injin huɗa na turawa irin na manoman rani zai gama a rabin yini. A gauraya ƙasa kashi uku da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a baje da manjagara. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kawo ciyayi da gara. Ka kuma duba baƙar ƙasar da aka kawo maka tun tana kan mota, in ka ga 'ya'yan aya-aya a ciki ka mayar da ita, domin in ta shiga fili fitar da ita aikin shekaru ne.

Ramin bishiya santimita 60 ne ta kowane ɓangare, kuma hannu ne ke haƙa shi. Darbejiya da mangwaro a nisanta su da bango, sokawe da intalok da mita 5 ko fiye, saboda saiwarsu tana ɗaga bulo tana shiga bututu. Kusa da gini a sa gwaba, lemo ko zogale. Ciyawar kiri-kiri ita ce ta fi jure zafin bazara da takawa, ana dasa ta tsiri-tsiri da tazarar santimita 15, a danne da ƙafa ko a mirgina durom mai rabin ruwa a kai, wanda ke maye gurbin rolar ciyawa ta haya.

Mataki na 9: Ban ruwa, yankan farko da mayar da kaya

Sabuwar ciyawa tana son ruwa safe da yamma na mako biyu zuwa uku. Da rani nakan yi lissafin lita 5 ga kowane murabba'in mita a yini, wato lita 500 ga murabba'in mita 100. Idan tankar ruwa za ka dogara da ita, ka tanadi tankin ajiya tukuna, in ba haka ba za ka biya kuɗin cikakkiyar mota ka malalar da rabi. Idan daga rijiya za ka ja, ka sani injin ban ruwa mai inci 2 da ake ajiyewa a baki ba ya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita 7, sai dai famfon da ake zurawa ciki.

Bayan mako huɗu zuwa shida, idan ka ja ciyawar ka ji ta kama ƙasa, sai a ɗauko injin yanka. A tsince duwatsu tukuna, a kawar da yara da motoci, a duba kaifin wuƙar injin, kuma kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta. In ƙaramin wuri ne, babban almakashin lambu ya isa.

Kowane inji da ka gama da shi, ka sanar da mai shi tun ana gobe, ka wanke shi musamman na siminti kafin ya daskare, ka mayar kafin lokacin da aka rubuta, domin wasu wuraren suna ƙirga jinkirin awa ɗaya a matsayin sabon yini. A tayar da shi a gaban mai shi, a gwada da hotunan da ka ɗauka ranar karɓa, ya rubuta a bayan takardar yarjejeniya cewa ya karɓi kayansa lafiya, sannan ka karɓi kuɗin ajiyarka ko katin shaidar da ka bari a wurinsa.